Na Goge, Ashe Sun Riga Sun Haddace

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Kano. Na fara da faɗin haka ne don kada mai karatu ya tausaya mini da sunan rashin sani. Kowane zangon karatu sai na tsaya gaban allo, na ɗaga yatsa, na ce wa yara: "Kafin ku tura saƙo, ku dubi sunan da ke sama." Har a jarrabawa na taɓa kawo shi, maki biyar. To, a jajiberin Babbar Sallar 2022 ni na zauna wannan jarrabawar, na kuma ci sifili, a gaban surukaina.

Dangin matata suna da guruf a WhatsApp, mutum arba'in da bakwai. Akwai Baba, wato surukina, akwai Hajiya, akwai Yaya, babban wan matata wanda shi ne admin, akwai gwaggonni da kawunnai, har da na Yamai da na Saudiyya. Mako guda da ɗaurin aurenmu na wayi gari na tsinci kaina a ciki, ba wanda ya nemi shawarata. Fita kuwa ba ta taso ba, domin a lokacin duk wanda ya fice sai waya ta yi shelarsa ga kowa, kamar an yi yaji da rana tsaka. Shekara uku ina ciki ban taɓa rubuta abin da ya wuce "Amin" da "Masha Allah" da "Allah ya jiƙansa" ba. Na yi suna. Hajiya da ni take kafa misali ga sauran surukan gidan: "Ku dubi Malam, ko ruwa ba ya iya sha a gabanmu." Gaskiya ne, ba na sha. Sai na fito ƙofar gida nake sayen na leda biyu in shanye a tsaye.

Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, autar su matata ta ɗora hoto a guruf, ta rubuta a ƙasa: "Ragon da Baba ya sayo yau daga Wudil." Jama'a suka shiga zuba "Masha Allah". Ni ma na zuba tawa, har da "Allah ya karɓi ibada". Sannan na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu don in gani da kyau.

Jama'a, rago ne, ba na musu. Yana da ƙaho, yana da ƙafa huɗu. Amma ya jingina da bango yadda mai jiran albashi yake jingina ranar ashirin da takwas ga wata. Wuyansa dogo, cikinsa a lafe, idonsa ya tafi wani tunani mai nisa. Abin ya tsaya mini a maƙogwaro, na ji in ban faɗa wa wani ba zan iya shaƙewa. Ina da aboki tun na makarantar allo, wanda ba ma ɓoye wa juna komai. Na fita daga guruf, na hango sunansa a saman jerin, na kai yatsa.

Ga inda ƙaddara ta shigo, kuma a matsayina na malami ina iya bayaninta dalla-dalla. Jerin sunayen nan ba a tsaye yake ba. Duk wanda saƙonsa ya shigo a ƙarshe shi yake hawa sama. Tsakanin ɗaga yatsana da saukarsa, wata gwaggo ta aiko da tata "Masha Allah", guruf ya yi tsalle ya haye kan abokina. Ban dubi sunan da ke sama ba. Na danne alamar makirfo, na gyara kwanciya a kan tabarma, na saki baki.

"Mutumina, ka ga ragon surukina kuwa? Wallahi tun Ramadan ragon nan bai sha ruwa ba. Daga hoto na ƙirga haƙarƙarinsa, ban yi kuskure ko ɗaya ba. In aka ƙara masa kwana biyu zai hutar da mahauci, da kansa zai cika. Ni shawarata a ɗaura masa dutse, kada iskar hadari ta tafi da layyar bayin Allah."

Da nan na tsaya, da sauƙi. Amma dariya ta ɗebe ni. Baba yana da wani gyaran murya da yake yi kafin ya ce komai, wani "ehem" mai tsawo da ake jiyowa daga zaure, sannan ya ce "to, madalla". Na kwaikwaye shi. Sau biyu, don na farkon bai fita yadda nake so ba. Minti biyu da daƙiƙa arba'in. Na saki yatsa, na ajiye wayar a kan ƙirji, ina jiran abokina ya fashe.

Kada in manta: a shekarar ko kaza ban saya ba. Kuɗin haya ya cinye albashi, kason saniya ma na kasa shiga, watanda nake sa rai washegarin Sallah. Wanda ba shi da ko igiya shi ne yake awon ragon wani.

Can, bayan kamar minti goma, na jiyo wani mutum yana ƙyaƙyata dariya a madafi. Na ce wane ƙato ne ya shigo mini gida ba sallama? Na kasa kunne. Muryar ta yi mini kama da wadda na sani, amma ta fi tawa muni. Sai na ji "ehem". Matata ta ɗaga labule, wayarta a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, a hankali: "Abban Boy, Baban wa kake kwaikwayo?"

Na wawuri wayata. A saman fuskar, sunan guruf ɗin surukaina ne, ɓaro-ɓaro. A kusurwa kuma caji saura kashi ɗaya, don tun safe babu wuta a unguwarmu. Na danne saƙon, alamar kwandon shara ta fito, na kai yatsa, wayar ta yi wani ɗan kuka ta ɗauke.

A nan ilimin da nake taƙama da shi ya zama mini azaba, domin na san lissafin. Lokacin da WhatsApp ya fara bai wa mutane damar janye saƙo daga wayar kowa, a ƙarshen 2017, minti bakwai kacal yake bayarwa. A 2018 aka ƙara zuwa awa ɗaya da minti takwas da daƙiƙa goma sha shida. Nakan burge ɗalibai da dalilin wannan baƙon adadi: daƙiƙa 4,096 ke nan, wato biyu sau biyu har hawa goma sha biyu, irin ƙidayar da kwamfuta take so. Ranar nan ba burgewa. Minti goma sha biyu sun riga sun tafi. Na zari hula, na sa takalmi wari nawa wari na matata, na fita da gudu.

Mai cajin bakin titi ya kunna janareta, amma jajibere ne, teburinsa ya cika maƙil, wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace da lambarta. Na ce masa rai ne a hannun Allah. Ya ce kowa haka yake cewa. Na ninka masa kuɗi sau huɗu, ya zare ta wani bawan Allah ya sa tawa. Bakin cajar bai shiga ba, tasa mai ƙaramin baki ce, tawa mai faɗi. Ya tura yaro shagon aski ya aro. Yaron ya tsaya kallon wani rago da ya tsinke igiya. Da aka samu aka jona, wayar ta nuna hoton batiri ja, ta ƙi farfaɗowa. Na tsuguna a gabanta ina fifita ta da hula, kamar mai jinya. Wani dattijo da ke jiran tasa ya dafa ni ya ce: "Haƙuri, ɗana. Asibiti ne?" Na ce: "Ya fi nan, Baba. Surukai ne." Ya janye hannunsa ya ce Allah ya kawo sauƙi.

A minti na sittin da ɗaya wayar ta buɗe ido. Kafin in goge, shaiɗan ya ce in duba su wa suka saurara. Mutum goma sha tara. Sunan Yaya ne na farko. Na danna "goge wa kowa", na sauke wata ajiyar zuciya da har mai caji ya waiwayo. Na ce alhamdulillahi, na tsira da minti bakwai.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Saƙon da aka janye ba ya ɓacewa salin-alin; yana barin kushewa a inda yake, da ɗan rubutu mai cewa an goge wannan saƙon, da sunan mai shi a kai. A ƙarƙashin kushewar kuma duk amsoshin mutane suna nan daram. Yaya ya rubuta: "Malam, da wa kake?" Wata gwaggo ta yi salati mai tsawo. Wani kawu ya ce: "Ashe haka yake?" Auta ta jera fuskokin dariya goma sha ɗaya, na ƙirga. Mutum ashirin da bakwai da ba su ji komai ba, waɗanda da na bar saƙon wataƙila rabinsu ba za su ɓata data a kan muryar Malam mai "Amin" ba, suka buɗe waya suka tarar da kabari sabo da masu makoki a kewaye. Nan take tambaya ta ɓarke: "Me aka goge?" "Wa ya rasu?" "A turo mana mu ma."

Wannan ma ina da darasinsa a littafin shirin koyarwata. A 2003 wata shahararriyar mawaƙiyar Amurka, Barbra Streisand, ta kai wani mai ɗaukar hoto ƙara tana neman dala miliyan 50, saboda hoton gidanta na Malibu yana cikin dubban hotunan gaɓar tekun Kalifoniya da ya ɗauka daga sama don nuna zaizayar ƙasa. Kafin ƙarar, sau shida kacal aka taɓa sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne. A watan da ya biyo baya mutum fiye da 420,000 suka je kallo, ƙarar kuma ta faɗi. Nakan ba yara labarin ina dariya, in ce da ta yi shiru da ba wanda ya san gidan. Ban san ina karanta tarihin kaina ba ne.

Ruɗewa ta sa na tafka ta biyu. A tsaye a gaban mai caji na rubuta: "Ku yi haƙuri, yaro ne ya taɓa wayar." Na tura. Sai da ya tafi na tuna ɗanmu ɗaya ne, watansa takwas, haƙoransa biyu. Auta ta amsa cikin daƙiƙa: "Masha Allah, Boy ya fara magana, har ya san Wudil." Na yi maza in janye wannan ma. Hannuna yana rawa, maɓallan nan biyu kuma suna maƙwabtaka, na danna "goge mini ni kaɗai". Saƙon ya ɓace daga wayata, ya zauna a wayar mutum arba'in da shida, kuma abin da ba ka gani ba ka da yadda za ka janye shi. Gaskiyar da na faɗa na goge ta, ƙaryar da na yi na kafe ta da ƙusa.

Kafin magariba labari ya yi ƙafa. Da yake asalin maganar babu shi, kowa ya cike gurbin da abin da ya samu. Ta Yamai ta bugo wa matata tana tambaya ko gaskiya ne na ce Baba mushe ya sayo. Na Saudiyya ya ji cewa na yi fatawa layyar Baba ba ta inganta ba, Baban da ya yi shekara talatin yana karantar da yara a zaurensa. Wata gwaggo kuma, wadda ba ta da WhatsApp ma, ta aiko a tambayi matata ko za ta dawo gida a gyara mata ɗaki, tunda an ce mijinta ya ce ya gaji da zuri'ar baki ɗaya. Na zauna a bakin gado na riƙe kai. Abin da na yi gudun fanfalaƙi na biya kuɗi ninki huɗu don in hallaka, yanzu shi kaɗai ne shaidata. Ina neman muryata ido rufe.

Matata ta ce: "Kira auta."

Na ce ai na goge wa kowa. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya zo aji ba biro. Auta GB WhatsApp take amfani da shi, wato kwaikwayon manhajar da wasu suka sarrafa, ba na kamfanin ba, wanda kamfanin ma yakan rufe lambar masu amfani da shi. Kuma na fi kowa sanin yadda abin yake: in ka danna gogewa, ba hannu kake zurawa cikin wayoyin mutane ba. Aike ne kawai ake yi wa kowace waya cewa mai saƙo ya ce a share. Waya mai biyayya ta share. Irin ta auta kuwa an koya mata taurin kai, sai ta ji aiken ta yi kunnen uwar shegu. Haka wanda ya riga ya tura wa wani, ko ya naɗa da wata wayar, ba abin da zai same shi.

Na kira ta. Tsakanina da ita akwai wasa, amma ranar da ladabi na gaishe ta.

"Yaya Malam, ina wuni? Ya jikin Boy, ya gaji da surutu?"

"Auta, don Allah ki turo mini abin nan."

"Wane abu? Ai an goge."

Muka yi ciniki kamar a kara. Aka tsaya a kan datar wata guda da kuɗin ƙunshin Sallah. Ni ne mutum na farko a zuri'armu da ya sayi muryarsa da kuɗinsa.

Na sa abin a kunne na saurara. Ban taɓa jin kaina daga waje ba. A raina ɗan barkwanci na yi, mai ɗan gishiri. Abin da na ji kuwa wani mutum ne yana shiɗewa da dariya, yana buga cinya, yana maimaita "ehem" kamar an biya shi. Shaidar ta wanke ni daga ƙarya uku, ta kuma ɗaure ni da igiyar gaskiya ɗaya wadda ta fi su kauri. Ba inda zan kai ta. Matata ta karɓe wayar daga hannuna ta jefa cikin kwabar kwanuka, ta ɗauko mini babbar riga. Ta ce: "Wayar nan ta gama nata. Sauran na ƙafa ne."

Na biya wa abokina ya raka ni, shi da aka yi abin dominsa. Na ba shi labari a hanya, ya yi dariya har mai a-daidaita-sahu ya rage gudu. Da ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne: "To ni har yanzu ban ji ba fa. Turo mini." Muka tsaya na sayi ƙwaryar goro da kwalbar turare da ragowar kuɗin watandata.

Bayan isha'i muka yi sallama. Tun daga bakin ƙofa na tuɓe takalmi. Baba yana zaune a kan buzu, carbi a hannu, allunan almajiransa a jingine da bango, ƙamshin tawada da hayaƙin itace ya cika zauren. Na durƙusa nesa da shi, na sunkuyar da kai har ina ganin zaren tabarma ɗaya-ɗaya. Abokina ya yi gaisuwa, ya tura goro gaba, ya fara jawabin da muka shirya: sharrin shaiɗan, sharrin waya, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Yaron da ake nufi shekararsa talatin da shida. Ya gama. Shiru. Ana jiyo kukan raguna daga cikin gida, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri wanda na gane ko ban gan shi ba.

Sai Baba ya yi gyaran murya. "Ehem." Mai tsawon nan. Na ji kafaɗar abokina tana rawa a jikin tawa, na mintsine shi har sai da ya yi tari.

"To, madalla," in ji Baba. "Malam, ni ban iya latse-latsen nan naku ba. Auta ce ta kunna mini. Sau uku, na ukun da sifika, ka san kunnen ya yi nauyi. An ce kuma daga baya ka wanke."

"Na goge, Baba. Kuskure ne, a yafe mini."

Ya miƙa hannu ya jawo allo ɗaya, ya ɗora a cinya. "Ka yi makarantar allo?"

"Na yi, Baba."

"Yaushe ake ba yaro izinin wanke allonsa?"

Na haɗiyi yawu. "Sai ya haddace, Baba."

"To, ka wanke a kan ƙa'ida. Mun haddace."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar an yi rijiya a zauren nan. Baba ya yi murmushi, ya ce shi gyaran muryar ne ma ya ba shi mamaki, bai san haka yake yi ba, shekara arba'in Hajiya ba ta taɓa gaya masa ba. Ya ce na biyun ya fi kama. Sannan ya ce ya yafe duniya da lahira, amma akwai gyara ɗaya. Ragon ya shekara, ya duba haƙoransa da kansa. Ba gurgu ba ne, ba mai ido ɗaya ba, ba shi da ciwo, ramarsa kuma ba ta kai wadda take hana layya ba. Wahalar mota ce da yunwar kasuwa. Nasa ragon yana ciki, tun bara ake kiwonsa.

"Wannan ɗin," ya ce, "na ji an ce bana abin ya yi maka tsauri, na ce kada jikana ya ga ana yanka a maƙwabta gidansu shiru. Naka ne. Shiga ka kwance abinka, kafin ya hutar da mahauci."

Haka na ratsa gari a daren Sallah, cikin babbar riga, rungume da ragon a bayan a-daidaita-sahu, yana huci a wuyana. Iskar hadari ta taso a hanya, na ƙanƙame shi da hannu biyu. Abokina ya ce: "Da ka bi shawararka ka ɗaura masa dutse."

Bayan Sallah maganar ta koma muhawara a majalisarmu: shin ya dace a bar mutum ya janye abin da ya riga ya furta? Yaya yana kan cewa bai dace ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ni na goge na tafi, na bar shi yana tambayar iska "da wa kake?" kamar mai taɓin hankali. Magana in ta shiga tsakanin mutane ta tashi daga ta mutum ɗaya. Wanda ya amsa ma yana da haƙƙi a ciki. Ya ce a kasuwa ya ga wanda ya yi alkawarin farashi a rubuce, kaya suka tashi, ya goge ya rantse bai faɗa ba. Kuma ga abin da ya same ni: da saƙon yana nan, da ba wanda ya isa ya ɗora mini mushe.

Duk na yarda, amma ban bi shi ba. Wanda bai taɓa tsugunawa gaban mai caji yana fifita waya ba, ba zai san darajar maɓallin nan ba. Mutum yakan tura hoton iyalinsa inda bai dace ba, ko lambar sirrin asusunsa, ko sanarwar rasuwar wanda yake raye, ko wani haɗin magani da daga baya ya gano guba ne. A ce duk waɗannan su zauna har abada don kada zaren hira ya tsinke? Ko hukumomi sun gane haka. A watan Mayun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta ba wani ɗan Sifaniya, Mario Costeja González, gaskiya a kan Google, ta ce a daina nuna tsohuwar sanarwar gwanjon gidansa saboda bashi, wadda jaridar La Vanguardia ta buga tun 1998, in an nemi sunansa. Turai ta sa haƙƙin share bayanai a dokarta da ta fara aiki a 2018, Najeriya ma ta sa shi a dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai bawan Allahn nan ɗan'uwana ne a ƙaddara: ya yi shari'a don a manta da bashinsa, ga shi yau wani malami a Kano yana ba da labarin bashin da Hausa.

Kamfanin WhatsApp kuwa kamar yana leƙena. Wata guda bayan abin, a Agustan 2022, aka ƙara wa'adin janyewa zuwa kwana biyu da rabi. Da ban yi gudu da takalmin mata ba. A Disamba aka kawo daƙiƙa biyar na dawo da saƙon da ka goge wa kanka bisa kuskure. Da Boy bai yi suna ba. A Mayun 2023 aka ba da minti goma sha biyar na gyara rubutu. Duk ihu bayan hari. A shekarar 2022 ɗin dai aka ba admin ikon goge saƙon kowa, Yaya ya yi ta murna. Na tuna masa cewa gogewar da wani ya yi maka fitina ce daban: a Yunin 2021 Twitter ya goge saƙo ɗaya na marigayi Shugaba Buhari, aka rufe shi a Najeriya har Janairun 2022, wata bakwai. Yaya ya ce in na ji haushi in rufe guruf ɗin. Ya san ko fita ba zan iya ba.

Ragon dai an yanka shi, kuma in faɗi gaskiya ya yi daɗi, har kitse aka samu a wajen ƙoda. Haƙarƙarin ma da na ce na ƙirga, da mahauci ya baje su sai na ga na yi kuskure da biyu. Hajiya ta daina kafa misali da ni. Abin mamaki, tun daga ranar nake iya shan ruwa a gidan, Baba kuma in ya gan ni sai ya yi "ehem" ya dube ni ta gefen ido, ya ce: "Ya yi, ko in sake?" Auta har yau tana da saƙon. Duk jajibere sai ta turo mini shi ni kaɗai, ba ta cewa komai, ni kuma in tura data.

Hukuncina ke nan: a bar wa mutane maɓallin, rahama ce, amma kada wanda ya danna shi ya ɗauka ya gama. Magabata da suka ce magana zarar bunu ce ba su ga WhatsApp ba, amma ba abin da ya zo ya ƙaryata su. Waya tana gogewa, yafewa kuwa sai mutum. Don haka ɗan'uwa, kafin ka danne makirfo, dubi sunan da ke sama. In kuma ta riga ta kuɓuce, goge, kada ka ɗora wa yaro, sannan ka sa hularka ka sayi goro ka tafi da ƙafarka.